Akwatint: Bugun Sura da Garin Ƙaro a Ƙasar Faransa, da Gwanayen da Suka Yi Shi

Kafin a ƙago bugun dutse da na'urar ɗaukar hoto, in ana so sura guda ta shiga hannun mutum ɗari, ba wata dabara sai a sassaƙa ta a jikin itace ko ƙarfe, a shafa tawada, a danna a takarda. Turawa sun gwanance da wannan sana'a tun cikin ƙarni na 15. Amma tsinken sassaƙa layi kaɗai ya ke iya ja. In gwani yana son ya nuna inuwa, ko hadari, ko duhun ɗaki, sai ya yi ta jera layuka kusa da kusa, yana gicciya wasu bisa wasu, har idon mai kallo ya ruɗu ya ɗauka duhu ne. Wannan ya wadatar shekaru da yawa. Sai a tsakiyar ƙarni na 18 attajiran birnin Faris suka ɗora sha'awarsu a kan wani irin zane da a ke yi da buroshi da tawada tsarmamma da ruwa, wanda haskensa da duhunsa ke malala cikin juna ba tare da layi ba. Irin wannan zane guda ɗaya tak mai shi ke yi, masu nema kuwa da yawa. To, ƙaƙa za a sa ƙarfe ya haifi abin da buroshi da ruwa suka yi? Amsar da aka samu ita ce akwatint.

Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta rinannen ruwa. A Ingila sunan ya fara kama bakin mutane. Faransawan farko da suka yi aikin ba haka su ke kiransa ba, su dai cewa su ke yi sassaƙa mai kama da zanen ruwa. Wannan bambancin suna yana da muhimmanci, kamar yadda zai bayyana a gaba.

Yadda a ke yinsa

Ana samun allon jan ƙarfe, a goge shi har ya yi santsi kamar madubi. Sa'an nan a daka ƙaro ya yi laushi kamar garin kwalli. Ƙaron nan ba irin na dakwara ba ne da malamai ke sawa a tawada, gama wancan ruwa na narkar da shi. Na wani itace ne na ƙasashen sanyi, halinsa ya fi kusa da na ƙaron maje, watau zafi ke narkar da shi, ruwa ba ya cinsa. A kan ƙulle garin a ƙyalle mai shara-shara a riƙa kaɗawa bisa allon, ko kuwa a zuba shi cikin wani akwati a tayar da ƙurarsa, a sa allon ciki, a jira ƙurar ta kwanta a kansa. Daga nan sai a ɗumama allon ta ƙarƙashi a hankali, har kowace ƙwayar gari ta narke ta manne inda ta faɗa. In wuta ta yi yawa, ƙwayoyin su haɗe su rufe allon duka, aiki ya ɓaci. In ta yi kaɗan, su kakkaɓe.

Bayan haka sai a tsoma allon cikin asid, wanda Faransawa ke kira ƙaƙƙarfan ruwa. Asid ba ya iya taɓa inda ƙaro ya manne, sai ya bi tsakankanin ƙwayoyin yana cin ƙarfe, ya bar dubban ramummuka ƙanana waɗanda ido ba ya rarrabe su. Su ne za su riƙe tawada. Gwargwadon daɗewar allo cikin asid, gwargwadon zurfin ramummukan, gwargwadon kuma duhun da za su bayar a takarda.

A nan gwaninta ta ke. Tun kafin tsomawa ta fari, gwani zai shafe duk inda ya ke so ya fita fari fat da wani shafi wanda asid ba ya ratsawa. Ya tsoma ɗan lokaci kaɗan, ya ciro, ya wanke, ya shanya. Ya sake shafe inda ya ke so ya tsaya da ɗan duhu kaɗan, ya mayar. Haka zai yi ta yi, yana rufewa yana tsomawa, har ya rage sai wuraren da za su fi ko'ina baƙi. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina ya ga yadda a ke ɗaure wani sashe na zane don kada baba ya kama shi, ya kuma ga yadda kowace tsomawa ke ƙara wa sauran duhu, ya riga ya fahimci rabin al'amarin. Bambancin shi ne marini yana ganin launin da ya samu da zarar ya ciro ya sha iska, mai akwatint kuwa ba ya ganin sakamakon aikinsa sai ya wanke allo ya buga gwaji. Abin da asid ya ci kuma ya ciwu ke nan.

Wajen bugu, a kan cusa tawada cikin ramummukan, a share ta sama, a shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda, a bi da su tsakanin gammo biyu na injin matsi. Ƙarfin matsin ke sa takarda ta shiga ta tsotso tawadar, shi ne kuma ke barin shaidar gefen allo a jikin takardar. Surar ta kan fito a juye, dama ta koma hagun, saboda haka tilas gwani ya yi zanensa a birkice tun farko. Galibi a kan fara jan layukan surar da allura a ci su da asid, kāna a zuba garin ƙaro don inuwa.

Le Prince da sirrinsa

Wani mutumin Holan, Jan van de Velde, ya gwada abu mai kama da wannan a Amsterdam wajen 1650, amma dabarar ba ta yaɗu ba, aka manta da ita har shekara ɗari. Da aka shiga shekarun 1760 sai mutane da dama a Faris suka tasar wa matsalar lokaci guda, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abin da ya gano. Akwai François-Philippe Charpentier (1734–1817), mutumin Blois, wanda ya fi zama maƙerin injuna bisa ga mai zane, ya yi shelar tasa hanyar a 1762. Akwai kuma Saint-Non (1727–1791), malamin coci mai dukiya, abokin Fragonard da Hubert Robert, wanda ya riƙa mayar da zanen da suka yi a Italiya bugaggu don sha'awa. A 1773 wani mai suna Stapart ya buga ɗan littafi a kan sassaƙa da buroshi. Duk da haka sunan da ya zauna a kan sana'ar shi ne na Jean-Baptiste Le Prince, kuma ba a yi rashin adalci ba, domin a hannunsa ne abin ya tashi daga gwaji ya zama aiki tsayayye.

An haifi Le Prince a Metz a 1734, ya yi almajiranci wurin François Boucher, babban mai zane na zamanin. Yana saurayi ya tafi Rasha, ya yi wajen shekara biyar can, ya komo da tarin zane na manoma, da 'yan kasuwa, da mata cikin tufafin ƙasar. Mutanen Faris suka yi ta rububinsu, gama a idonsu Rasha wata duniya ce mai nisa. A 1765 aka karɓe shi cikin Majalisar Sarki ta masu zane da sassaƙa, da wata sura ta bikin baftisma irin na Rashawa. A 1768 ya daidaita hanyarsa ta garin ƙaro, a 1769 ya baje ayyukansa a babban nunin da majalisar ke yi. Ya kan buga da tawada mai ruwan ƙasa, don ta kwaikwayi wadda masu zane ke haɗawa da kunkunniyar itace, har ya zama in an rataye bugun kusa da zanen hannu sai an matso a ke rarrabewa.

Bai yarda ya faɗi yadda ya ke yi ba. Kusa da ƙarshen ransa ya yi shelar zai buga littafi ya bayyana sirrin in an sami masu biya tun gaba, amma ya rasu a 1781 littafin bai fito ba, sai bayansa rubutun ya koma hannun majalisar. A lokacin kuwa ɓoyon ya riga ya zama na banza. Paul Sandby ya buga surorin ƙasar Wales da akwatint a Ingila tun 1775, ya kuma sauya hanyar, yana narkar da ƙaron cikin barasa ya kwarara bisa allo, in barasar ta bushe sai ƙaron ya tsattsage ya bar ƙwayoyi. A Sifen kuma Goya ya fitar da alluna 80 na Los Caprichos a 1799, ya nuna dabarar da aka ƙago don kwaikwayo tana iya ɗaukar abin da ya fi kwaikwayo nauyi. Gaskiya ita ce babu Bafaranshen ƙarni na 18 da ya kai shi a wannan fage.

Akwai wani abu game da Le Prince da ya kamata mai koyar da tarihi ya riƙe. Shi ne ya yi zanen surorin littafin Chappe d'Auteroche na tafiya Saberiya, wanda aka buga a 1768. Chappe masanin taurari ne, ya je Tobolsk a 1761 don ya ga giftawar Zara ta gaban rana, ya komo ya rubuta abubuwa marasa daɗi game da zaman Rashawa. Abin ya ɓata wa Sarauniya Katarina ta Biyu rai, har aka fitar da littafin raddi a 1770, wanda a ke danganawa gare ta. Su kansu surorin Le Prince kuwa, tufafi da kayan ɗaki na Rasha ne, amma fuskoki da tsayuwa da karairaya na ɗakin Boucher ne. Mutum ya je ƙasar, ya gani da idonsa, duk da haka abin da ya zana rabi gani ne rabi abin da masu saye ke so. In haka ta faru ga wanda ya yi shekara biyar a wurin, sai a auna surorin mutanen Afirka da ke cikin littattafan tufafin al'ummai na wannan zamani, irin na Grasset de Saint-Sauveur, waɗanda aka tsara a Faransa daga labaran matafiya.

Masu launi

Abin da 'yan kasuwar kayan da suka fi kira akwatint na Faransa a yau shi ne bugu mai launi na tsakanin 1775 da 1800. Tushen wannan ya girmi Le Prince. Wani Bajamushe, Le Blon, wanda ya rasu a Faris a 1741, shi ya nuna ana iya samun launuka masu yawa daga alluna uku, shuɗi da rawaya da ja, in an buga su ɗaya bisa ɗaya. Na bayansa suka ƙara na huɗu, baƙi. Wahalar ita ce kowane allo ya sauka daidai inda na gabansa ya sauka, ko da kaurin gashi kada ya goce, alhali takarda jiƙaƙƙiya ce tana miƙewa tana ƙanƙancewa. Don haka su kan huda ƙananan kafofi a gefe, su soke takarda da allo da tsinke. Kafofin nan suna nan a jikin bugun da ba a datse gefensa ba.

Jean-François Janinet (1752–1814) shi ya kai wannan aiki matuƙa. Surarsa ta Sarauniya Mari Antuwanet ta 1777 da waɗanda ya ɗauko daga zanen Fragonard da Lavreince suna da laushin launi wanda har yau ba a fi shi ba. Shi dai ya ɗauki kansa masanin kimiyya ne kuma. Bayan 'yan'uwan nan Montgolfier sun tashi balan-balan a 1783, sai shi da wani malamin coci mai suna Miolan suka ɗinka tasu, suka karɓi kuɗin 'yan kallo. Ran 11 ga Yuli 1784 jama'a suka taru a lambun Luxembourg, suka yini cikin rana, abu ya ƙi tashi. Suka fusata suka yayyaga ta. Masu zanen ba'a suka yi ta cin kasuwa da su biyun, watau sana'arsa ce ta juyo ta sare shi. Almajirinsa Charles-Melchior Descourtis (1753–1820) ya shahara da surori huɗu daga zanen Taunay, cikinsu har da bikin aure na ƙauye na 1785 da kasuwar ƙauye.

To, ga inda sunan ya ke ruɗarwa. Da masana suka sa gilashin ƙara girma bisa ayyukan Janinet da Descourtis, sai suka tarar yawancin inuwarsu ba da garin ƙaro aka yi ta ba. Da kayan ƙarfe aka yi ta, wasu masu ɗan gare mai haƙora a baki, wasu masu kai kamar magagari, ana murza su bisa allo har su bar ɗigo-ɗigo. Nunin da Gidan Zane na Ƙasa da ke Washinton ya yi a 2003 kan bugun launi na Faransa ya fito da wannan bambanci sarai, gidan ya kuma sake wani nunin a 2021 kan akwatint kansa tun daga asalinsa har zuwa Goya. Ramin asid ba shi da tsari, fararen ɗigogi ne kamar tsibirai, baƙi ya kewaye su. Sawun ƙarfe kuwa baƙaƙen ɗigogi ne a kan fari, sau da yawa a jere. Sunan da Faransawa suka ba aikin tun farko ya fi gaskiya, gama ya faɗi abin da a ke nufin kwaikwaya, bai yi alkawarin hanyar da aka bi ba.

Philibert-Louis Debucourt (1755–1832) ya bambanta da waɗannan ta wajen abu guda mai girma. Su suna mayar da zanen wasu ne, shi kuwa mai zane ne da kansa, almajirin Vien, surorinsa daga kansa su ke fitowa. Ya kan gauraya hanyoyi a allo ɗaya yadda ya ga dama. A 1786 ya fitar da rawar amarya da sumba biyu, a 1787 ya fitar da yawon shan iska a rumfunan Palais-Royal, a 1792 kuma La Promenade publique, wadda ita ce kan aikinsa. Tana nuna lambun wannan fada cike da mutane ƙarƙashin itatuwa: 'yan gayu sun miƙe bisa kujeru, tsofaffi masu budurwar zuciya suna leƙe, mata sun ci ado, kowa ya zo ya gani a gan shi. Debucourt yana yi musu dariya, amma dariya ce ta wanda ya san su. Abin da ke ƙara wa surar nauyi shi ne shekararta. A lambun nan ne Camille Desmoulins ya hau tebur ya zuga jama'a ran 12 ga Yuli 1789, kwana biyu kafin a fasa kurkukun Bastil. Cikin Agusta na 1792 aka tuɓe Sarki Luwi na 16, aka sare kansa a Janairu 1793. Ba ko ɗaya daga wannan da ya bayyana a fuskokin mutanen surar.

Juyin mulkin ya watsa masu sayen irin wannan kaya, gwanaye suka bi inda kasuwa ta koma. Janinet ya shiga buga aukuwar juyin bi da bi tun daga 1789. Pierre-Michel Alix (1762–1817) ya yi ta fitar da fuskokin jagororinsa. Antoine Sergent ya ajiye allo ya shiga majalisar da ta yanke wa sarki hukunci, daga baya ya ƙare ransa a gudun hijira. Debucourt ya koma mayar da zanen dawaki da na ba'a na Carle Vernet, ya tsufa cikin rashi. Wanda ya gaji hannunsa shi ne ɗan'uwansa kuma almajirinsa Jean-Pierre-Marie Jazet (1788–1871), mai manyan alluna na yaƙe-yaƙen Nafoliyon daga zanen Horace Vernet.

Bugu da alluna huɗu yana da tsada, saboda haka aka fi komawa ga buga launi ɗaya, sa'an nan ma'aikata su bi da buroshi su shafa sauran da hannu. Launukan ruwan nan da ƙaron dakwara a ke haɗa su, Faransa kuwa daga Kogin Sanagal ta ke samo shi ta tashar Saint-Louis. Daga 1816 kuma aka kafa maɗaba'un bugun dutse a Faris, hanyar da Senefelder ya ƙago a Jamus, wadda ta fi sauƙi da arha. Ɗaukar hoto ta biyo baya a 1839. Akwatint ya ja baya a kasuwa, ko da ya ke Delacroix ya taɓa shi, kamar a surarsa ta maƙeri ta 1833. Da ya farfaɗo a hannun su Manet da Degas da Pissarro, ba don kwaikwayon zanen kowa ba ne. Mary Cassatt, Ba'amurkiya mazauniyar Faris, ta ga nunin bugun Japan a 1890, ta fitar da surori goma masu launi a 1891, na mata cikin hidimarsu ta yau da kullum.

Rarrabe tsoho da sabo

Ƙwayar akwatint ba ta da ƙarko. Jan ƙarfe yana da taushi, kowane bugu yana ɗan cinye bakin ramummukan, har duhu ya koɗe. Sai a 1857 aka sami dabarar lulluɓe allo da siririn ƙarfe mai tauri. Saboda haka bugun farko ya fi na baya daraja nesa, masu tarawa kuma su kan nemi wanda aka buga tun ba a sassaƙa rubutun ƙasa ba. Rubutun nan shi kansa shaida ne. Sunan da ke hagun galibi na mai zanen asali ne, na dama na mai sassaƙa. Haruffan A.P.D.R. suna nufin da izinin sarki, watau allon ya riga juyin mulki. Amma shekarun allo dabam, shekarun bugu dabam, gama an yi ta sake bugu da tsofaffin alluna.

Da 'yan'uwan nan Goncourt suka farfaɗo da sunan Debucourt da tsararsa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, farashi ya hau, kwaikwayo ya yawaita. Mafi wuyar ganewa su ne waɗanda aka yi da hanyar Karel Klíč ta 1879, wadda ke ɗaukar sura da hoto ta mayar bisa jan ƙarfe, domin ita ma da garin ƙaro ta ke aiki, tana kuma barin shaidar gefen allo. A irin wannan bugu har layukan da rubutun sun kan fito da ƙwaya-ƙwaya a ƙarƙashin gilashi, alhali a na asali layi tsaf ya ke.

Sauran shaida tana ga takarda, kuma wanda ya saba ɗaga tsofaffin littattafan ajami ga haske yana neman tambarin wata uku ba baƙo ba ne a nan. Takardar ƙarni na 18 da tsummoki aka yi ta, ana ganin sawun wayoyin matacin a jikinta a jere. Mai santsi marar sawu ba ta shiga Faransa ba sai wajen 1780. Tambarin ya kan nuna sunan mai masana'anta da lardinsa, Auvergne misali. Sai dai akwai tarko guda. Wata dokar sarki ta 1741 ta umarci masu yin takarda su sa shekarar 1742 cikin tambarinsu, da yawa daga cikinsu kuma suka ɗauki umarnin a kan harafinsa, suka ci gaba da sa 1742 shekaru da dama bayan ta wuce. Saboda haka a kan iske surar da aka sassaƙa cikin shekarun 1770 a kan takarda mai ɗauke da 1742, ita da takardar kuwa duka na gaske ne.